Yatsu Uku na Sarkin Ruwa

Ina neman gafarar masu karatu tun kafin in fara. Ni ba kowa ba ce a wannan fage. Abin da na iya shi ne in raɓe a lungu in karanta na wasu, kuma yau ne karon farko da na yi ƙarfin halin rubuta nawa. Inda kuka ga na yi tuntuɓe ku kau da kai, ku bi labarin, don ya fi mai ba da shi.

An ce a wani zamani an yi wani sarki mai suna Jatau. Adali ne, mai sakin hannu, ba a taɓa jin haƙƙin talaka ya kwana a gidansa ba. Aibinsa ɗaya ne, in ma aibi za a kira shi: yana son a zo masa da labarin yalwa. Wanda ya zo ya ce an samu, da riga yake komawa. Wanda ya zo ya ce an rasa, sai ya koma da addu'a.

A gabashin ƙasarsa akwai wani babban tabki da ake kira Tabkin Marke, a bakinsa kuma ƙauyen masunta, Tungar Marke. Tun kaka da kakanni mutanen wurin suna da ƙa'idoji biyu da ba a wasa da su. Ta farko, a tsakiyar ruwan akwai wani wuri mai zurfi da suke kira Gurbi, inda manyan kifaye ke fakewa da rani, su fito su zuba ƙwai in ruwa ya sauka. Nan ko ƙugiya ba a jefawa. Ta biyu, kafin babban su na shekara kowane masunci zai shimfiɗa tarunsa a kan yashi. Sarkin Ruwa zai tuɓe rigarsa, ya bi tarunan ɗaya bayan ɗaya da hannu tsirara, yana cusa yatsunsa uku a idon kowanne, jama'a na kallo. In yatsun sun shige har gindi, taru ya halatta, don ƙaramin kifi zai sami ƙofar fita. In suka cije, a nan take za a yayyanka tarun a gaban mai shi, ko da uwarsu ɗaya da Sarkin Ruwan.

A zamanin Sarki Jatau sarautar ruwa ta faɗo kan wani mutum wai shi Anaruwa. Mutum ne mai kunya, mara yawan magana, ga shi da yatsu masu kauri irin na ubansa. Masunta kan yi masa ba'a su ce kifin Marke ne ya yi addu'a Allah ya ba shi wannan hannu.

Shekarar da aka naɗa shi damina ta yi kyau, su ya yi albarka. Ya ɗauki kason Sarki ya kai birni, kwanduna shaƙe da bandar giwan ruwa da tarwaɗa. Sarki ya yi murna, ya sa aka yafa masa babbar riga, abin da Anaruwa bai taɓa sawa ba tun da aka haife shi. Da shekara ta zagayo ruwan sama ya yi ƙaranci, kifi ya ragu, kamar yadda yakan yi tun fil'azal. Sarki ya dubi kwandunan, bai yi fushi ba, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Sarkin Ruwa, na waccan shekarar kamar sun fi waɗannan." Aka yi masa addu'a, aka sallame shi da 'yan rakiyarsa.

A hanyar komawa ɗan baffansa Labbo, wanda ya rako shi da jakuna, ya matso kusa da shi.

"Yaya, ka ga kallon da fadawa suka yi mana? Sai ka ce ɗiban wuta muka je yi."

"Ruwa ne bai zo ba, Labbo."

"Ruwa bai zo ba, amma kifi yana nan. Muna jan taru muna kallon rabinsa yana zurarewa ta ƙofofin da ka buɗe masa. Yatsan nan naka guda ya yi biyun na mutane. Laifin masunta ne don Allah ya yi ka da hannun ɗan dambe?"

Anaruwa ya ci gaba da kora jakuna. Amma maganar Sarki da ta Labbo suka haɗu suka zauna masa a ƙirji, suka ƙi tashi.

Ranar awon taru ta shekara mai zuwa, sai ga shi ya fito sanye da rigar Sarki. Ba wanda ya ga laifin haka, mutane ma daɗi suka ji, suna cewa darajar garinsu ce. Ya naɗe hannayen rigar a kafaɗa, ya fara awo kamar kullum. Da ya iso tarun Labbo, sabo fil, ya sunkuya, sai hannun rigar ya zamo daga kafaɗarsa ya lulluɓe masa hannu har ƙasa. A ƙarƙashin yadin ya ji yatsu biyu sun shiga, na ukun ya tsaya a waje. Ba wanda ya gani. Abin da ya rage masa kawai ya ɗaga yadin nan, bai fi nauyin ganye ba. Ya tuna kwandunan da Sarki ya duba, ya tuna fuskokin fadawa. Ya miƙe ya ce, "Ya halatta."

Masunta ba wawaye ba ne. Sun ga abin da Labbo ya jawo a wannan su, sun kuma ga idon tarunsa. Kafin shekara ta dawo kowa ya sake saƙa. Daga nan hannun rigar bai ƙara hawa kafaɗa ba. Garin duka ya san abin da ke ƙarƙashin yadin, garin duka kuma ya kau da kai, don kowa kwandonsa ya cika. Kason Sarki ya yi ta ƙaruwa, riguna suka yi ta zuwa, kowace ta fi ta baya faɗi da aiki. Maroƙa suka sa masa kirari, Anaruwa mai cika kwando, har yara na rerawa a bakin ruwa.

Mutum ɗaya ce ba ta rera ba, matarsa Tumba, wadda ita ke bandar kifin gidan. Wata rana da hantsi ya same ta a bakin murhu tana fama, hayaƙi ya cika mata ido.

"Maigida, kifin bana sai dai ka nemo min rariya. Ta tsakanin karare yake zubewa cikin wuta."

"Ki matsa kararen mana."

"Na matsa har sun gaji. Da da wuƙa nake fafe ciki, yanzu da farce. Jiya na ɗauki wani na rasa yadda zan yi da shi, ko in gasa shi, ko in aika a kira liman a raɗa masa suna."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Daga ranar ya daina cin kifi, ya ce cikinsa ne ba ya so. Kowace shekara in awo ya matso yakan ce wa kansa bana zai ɗaga hannun rigar. In ranar ta zo sai ya dubi layin taruna, duk masu ƙananan idanu, ya ga in ya fara yanka ba zai bar ko ɗaya ba. Me zai ce wa mutanen da suka saba da cikar kwando? Me zai ce wa Sarki? Sai ya ce to, bana kaɗai, baɗi a gyara. Sarautar da ya ɗauka tsaron ruwa ce, sai ya wayi gari ya ga ta zama tsaron fuskokin mutane.

Ana nan har shekarar da tabkin ya ba da amsarsa. Aka taru don babban su kamar yadda aka saba, makaɗa na kiɗa, mata da kwanduna, fatake daga nesa sun ɗaure jakunansu a inuwa. Aka shiga ruwa, aka ja taru na farko. Laka ce da katantanwa, sai 'yan kifaye da ba su cika ƙwarya ba. Aka ja na biyu, aka ja na uku. Ba wanda ya ce wa makaɗa su daina, da kansu suka ajiye gangunan. Anaruwa na tsaye a kan yashi cikin rigarsa mafi faɗi, yana jiran a zage shi, don da an zage shi da ya ji sauƙi. Ba wanda ya zage shi. Wata tsohuwa ce ta zo wucewa da kwandonta a kife, ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da aiki, Sarkin Ruwa." Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Kafin la'asar Labbo ya zo masa da jama'a a bayansa.

"Yaya, kifi yana Gurbi, kowa ya sani. Ka ba da izini gobe mu shiga."

"Ba za a shiga Gurbi ba."

"Yau kuma? Ashe ka iya cewa a'a? Ina ka ajiye ta duk shekarun nan?"

"In kun kwashe iyayen, me zai haifa muku na baɗi?"

"Baɗi na Allah ne. Yaranmu yau suke jin yunwa."

Anaruwa ya tsaya a kan bakansa. Labbo ya naɗe tarunsa, ya ja mutane suka tafi birni suka kai ƙara: a tuɓe Anaruwa, a naɗa Labbo, a buɗe Gurbi. Ba a daɗe ba manzon Sarki ya iso da kira.

Tumba ta tarar da shi a ɗaki yana ɗaure rigunan a cikin wani tsohon zane, rawanin sarauta a sama.

"Ina za ka kai su?"

"Inda suka fito. Zan roƙi Sarki ya sauke ni. In na dawo mu tattara mu koma wajen danginki a tudu, in kama noma, inda ba wanda ya san fuskata."

"Ni duk inda ka sa gaba ina biye. Amma ka sani, tudun ma mutane ne a can, kuma suna cin kifi."

Ya ɗauki ƙunshinsa ya fita, bai iya haɗa ido da ita ba.

Ranar shari'a fada ta cika. Masu ƙara suka zauna gefe guda, Labbo a gabansu da tarunsa a naɗe. Anaruwa ya zauna shi kaɗai a ɗaya gefen, ƙunshi a gabansa, kai a ƙasa. Aka ba Labbo magana, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ba ka nasara. Mutumin nan an ba shi amanar ruwa, ruwa ya mutu a hannunsa. Ga shaida na kawo, tarun da shi da bakinsa ya ce ya halatta. Yanzu kuma da yunwa ta shigo, ya tare mana ƙofar abin da ya saura. A ba ni sarautar, in buɗe Gurbi, in kawo wa Sarki kifin da bai taɓa ganin irinsa ba."

Sarki ya juya ga Anaruwa. "Sarkin Ruwa, ka ji."

"Na ji, ranka ya daɗe, kuma duk gaskiya ne. Ga rawani, ga riguna. A sauke ni, na cancanta. Abu ɗaya nake roƙo, kada a taɓa Gurbi. In aka shiga za a yi shekara guda ana biki, daga nan Marke ta zama kududdufin wanki."

"To me tabkin yake bukata?"

"A ƙyale shi, ranka ya daɗe. Ba ya bukatar komai sai a ƙyale shi."

Sarki ya dubi ɓangarorin biyu. Al'amarin ya tsaya masa. In ya tuɓe Anaruwa, jama'a za su yi murna, amma wanda suke so a naɗa shi ne zai ƙarasa tabkin. In ya bar shi, za a ce Sarki ya goyi bayan wanda ya ci amana, kuma ba ƙarya aka yi ba. Can ya ɗago ya ce, "Tun da nake zama a nan ban taɓa ganin shari'ar da mai ƙara da wanda ake ƙara suke roƙon hukunci iri ɗaya ba. Wannan ya isa ya sa in yi a hankali. Shekara da shekaru ina cin kifin Marke, ban taɓa ganin awon nan da ake faɗa ba. A shimfiɗa tarun. Sarkin Ruwa, tashi ka auna mini shi yadda ka auna a sun da ya wuce, da shigar da ka yi ranar."

Anaruwa ya kwance ƙunshi, ya zaro rigar ƙarshe ya sa. Ya je ya sunkuya a kan tarun. Hannun rigar ya sauko ya rufe komai. Sarki ya karkata dama, bai ga yatsu ba. Ya karkata hagu, bai gani ba.

"Ɗaga hannun rigar."

Ya ɗaga. Ga kan yatsa ɗaya tak a maƙale a idon taru, ko gaɓar farko bai shige ba.

Sarki ya ƙura wa hannun rigar ido.

"Rigar wa ce wannan?" in ji Sarki.

"Taka ce, ranka ya daɗe. Kai ka ba ni."

Sarki ya sa aka shimfiɗa sauran rigunan a jere, daga ta farko zuwa ta ƙarshe. Ya bi su da ido, ya ga yadda hannayensu ke ƙara faɗi shekara bayan shekara. Ya gane kowace, ya tuna ranar da ya ba da ita da irin murnar da ya yi. Ya ja amawali ya rufe bakinsa, ya daɗe kansa a sunkuye, har fadawa suka fara satar kallon juna. Da ya buɗe baki muryarsa ta yi ƙasa.

"Duk shekarun nan tambaya ɗaya nake yi wa mutumin nan: me ka kawo? Ban taɓa tambayarsa me ya bari a ruwa ba. Shekarar da ya tsare ƙa'ida ya kawo kaɗan, na sallame shi hannu wofi. Shekarar da ya karya ta ya kawo da yawa, na yafa masa riga. Ya fahimci abin da nake so, ya yi mini shi. Hannun nasa ne, ba na wanke shi. Amma abin da ya rufe hannun daga ɗakina ya fito. Ku kuma da kuka zo ƙara, akwai wanda tarunsa ya fi wannan faɗin ido? In akwai ya miƙe."

Ba wanda ya miƙe.

"To ga hukunci. Daga yau an rufe Tabkin Marke, Gurbi da gefensa, har sai ranar da tarun yatsu uku ya fito da kifin da za a sa wa wuƙa, ko damina nawa za a ɗauka. Na yafe kasona. Fadamata da ke kusa da ku na ba ku, ku noma ku ci. Kifi kuma ba zai shiga gidana ba sai ya shiga naku. Sarkin Ruwa shi zai tsaya a bakin tabkin da kansa yana mai da mutane, shi zai yanka tarunan nan, kuma da hannu tsirara zai riƙa awo. Sannan daga yau babu Sarkin Ruwan da zai karɓi riga daga hannuna yana kan sarauta. Sai ya sauka, wanda ya gaje shi ya yi su, in an sami kifi, sannan a kai wa na farkon rigarsa, in ya mutu a kai wa iyalinsa. Wannan ita ce sarautar ruwa yanzu. Labbo, kai ka nema. Matso a naɗa ka."

Labbo ya dubi rawanin, ya dubi mutanen da ke bayansa, waɗanda ya yi wa alkawarin Gurbi. Ya ga kansa tsaye a rana yana korarsu, shekara bayan shekara, ba kirari, ba riga. Ya gyara zama.

"Allah ya ja zamaninka. Ni dama shawara na kawo. Yayana yana raye, ina ni ina tsallake shi? Ba tarbiyyar gidanmu ba ce."

Wani bafade ya yi tari don ya danne dariya. Sarki ya dubi sauran. "Ko a cikinku akwai mai so?" Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Sai Sarki ya juya ga Anaruwa.

"Ka zo kana roƙon a sauke ka, kana ganin horo ka roƙa. Ba horo ba ne, hutu ne. Kai ka sha kirarin shekarun ƙoshi. In na sauke ka, wani ne zai sha zagin shekarun yunwa, kai kuwa kana can wani gari kana shan iska. Ba zan yi maka wannan alfarma ba. Ɗauki rawaninka. Rigunan ka bar su nan, nawa ne, ni ya kamata in riƙa ganinsu."

Anaruwa ya ji kamar an ɗora masa dutse. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da wane ido zan kalli mutanen garin?"

"Da wanda ka kalle su ranar da suke yi maka kirari. Ni ma da nawa zan fita gobe."

Haka Anaruwa ya koma Tungar Marke da rawani a ka, ba riga a wuya. Tarunan gidansa ya fara yankawa, sannan ya bi na sauran. Shekarun da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Masunta suka kama fartanya, hannuwansu suka yi kanta a inda ba su saba ba, wasu suka kwashe iyalinsu suka bar garin. Yaran da suka rera mai cika kwando suka koma kiransa Sarkin Hana Ruwa. Yakan yi sallama a majalisa a amsa masa a ciki-ciki. Wata safiya ya fito ya tarar an kife masa tukunya wofi a ƙofar gida. Ya tsaya yana kallonta, sai Tumba ta zo ta ɗauka ta juya ta, ta ƙwanƙwasa.

"Ba ta fashe ba. Allah ya saka wa mai ita, dama tawa ta tsage."

Kullum yana bakin ruwa, rana na dukan damatsansa. In ya hango mutum da komar kamun kifi a ɓoye cikin zane, yakan je ya tare shi. Wasu su zage shi, wasu su tuna masa hannun riga. Ba ya musu. Yakan ce, "Gaskiya ka faɗa. Amma koma gida." Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, zagin bai kai nauyin kirarin da ba. Har ya fara cin abincinsa da daɗi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Bayan kowace yakan shiga da tarun yatsu uku a gaban jama'a ya gwada, ya fito da shi wofi, a watse ana tsaki. Sai wata shekara tarun ya yi nauyi. Ba yawa ne da kifin ba, amma da aka kai wa Tumba nata, sai da ta aika aka wasa mata wuƙa. Aka buɗe tabkin. Ranar awo Labbo ma ya shimfiɗa sabon tarunsa a layi, yatsu uku suka shige har gindi.

"Ya halatta," in ji Anaruwa.

"Yaya, hannun nan naka ƙara kauri yake yi ko idona ne?"

"Saƙarka ce ta gyaru."

Ya ci gaba da riƙon sarautar har tsufa ya kama shi, idonsa ya dushe, ya zamana ba ya bambance taru da yashi. Sannan ne Sarki Jatau, wanda shi ma furfura ta rufe shi, ya yarda ya sauka. Aka naɗa wani daga cikin samarin da suka tashi a shekarun yunwa. Sabon Sarkin Ruwa ya yi sunsa na farko, aka ja giwan ruwan da sai da ƙarti biyu suka ɗauke ta a sanda.

Bayan 'yan kwanaki manzon Sarki ya yi sallama a ƙofar gidan Anaruwa da rana tsaka, maƙwabta suka biyo shi don su gani. Tsohon yana zaune a zaure a kan tabarma. Manzo ya durƙusa ya ɗora masa ƙunshi a cinya.

"Baba, Sarki ya ce a gaishe ka. Ya ce wannan ta kifin da ka bari ce."

Anaruwa ya kwance ƙunshin yana lalube. Ya ji laushin yadin, ya ji aikin allura a wuya, mai yawa, irin wanda bai taɓa taɓawa ba. Mutanen da suka taɓa kife masa tukunya suna tsaye a bakin zaure suna sa albarka. Kunya ta taso masa, irin ta ranar fada, ya shiga neman hannun rigar don ya kare fuskarsa. Ya laluba dama, ya laluba hagu. Tumba na tsaye daga bayan ƙofa tana kallonsa.

"Kada ka wahalar da kanka, Maigida. Ba su ɗinka mata hannu ba."

Tsohon ya saki rigar a cinyarsa. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, ba a san ko dariya yake ko kuka ba. Ya rufe fuskarsa da tafin hannunsa, kowa na ganin yatsun.

Abin da na fahimta a labarin nan shi ne: ba a auna shugaba da abin da ya kwaso a zamaninsa, sai da abin da na bayansa ya tarar. Wanda kuma yake raba riguna, ya riƙa duba abin da rigarsa take rufewa.

Iyakar abin da na iya ke nan. Na ji an idar da salla a masallacin da na raɓe a lungunsa ina wannan rubutu, mutane sun fara neman takalmansu. Bari in ajiye takardar a gefen tabarmar Malam mai karantar da mu, ko zai duba, in danne ta da dutse, in bi ta ƙofar baya kafin wani ya juyo.